Akwati Biyu a Gidan Pak Rahim

Ina kan tsani a wani kondo, irin dogayen benayen nan masu gidaje da yawa, a Wangsa Maju, kaina a cikin silin ina neman inda ɓera ya ci wayar labule, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. A ƙa'idarmu ba a amsa waya a kan tsani, don haka na ƙyale ta. Ta sake yi, ta kuma sakewa. Da na sauko na ga Hajiya Binta ce, matar maigidana Malam Ubale, wadda a shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa kirana da kanta ba. Ta ce, "Habibu, Malam ya rasu. Yanzun nan, bayan ya karya kumallo." Na yi innalillahi. Na koma kan tsanin na mayar da murfin silin na ɗaure shi, domin ba a barin gidan mutane a buɗe, na ba matar gidan haƙuri, na nufi tashar jirgin ƙasa na LRT. Ranar Talata ce. Bayan la'asar aka binne shi a nan Kuala Lumpur, garin da ya yi shekara ashirin da wani abu a cikinsa.

Ranar Alhamis ta makon ya kamata ya je gidan wani dattijo, Pak Rahim, wanda shanyewar jiki ta kwantar. Rayuwar dattijon a rataye take da wani tsohon akwatin sarrafa kayan gida mai gab da mutuwa, kuma Malam yana tsakiyar sauya masa shi. Aikin nan yanzu a wuyana yake.

Tun bayan sadakar uku ɗalibai da yawa a zaurenmu na 'yan Najeriya na waya suke turo mini saƙo, suna so in ɗauke su aiki tunda na rage ni kaɗai. Wani ya rubuta, har da lah ɗin da 'yan garin nan suke liƙa wa ƙarshen magana, "Oga, ai ba wani abu ba ne, afdet kawai za ka danna, lah." Ban ji haushinsa ba, ni ma haka na zata da farko. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Kondo da yawa a garin nan an sayar da su da ɗan akwati a bayan ƙofa ko a cikin kabad. Shi ke kunna fitila, ya ja labule, ya kulle ƙofa, ya tayar da esi. A cikinsa akwai babbar manhajar da yake tashi da ita, wadda Malam yake kira uwa. A kan uwar ake ɗora ƙananan manhajoji, kowacce da aikinta, su muke kira ƙunshi: na ƙofa daban, na fitila daban. Babu ƙunshin da yake tsaye da ƙafarsa. Kowanne yana jingine da wasu, kuma yana son su a sigar da ya saba da ita. Kamfanin da ya ƙera akwatin ya daɗe da daina waiwayar uwar, su kuwa masu ƙunshi kullum suna fitar da sabo. Ka sabunta guda ɗaya, ya janyo wani baƙo da tsohuwar uwa ba ta sani ba, sai gida ya tsaya cak. Aikinmu shi ne mu gano wa ya ƙi wa, mu nemo sigar da za ta zauna lafiya da kowa, mu ɗaure ta kada ta motsa.

Ni ba injiniya ba ne. Difloma na zo yi, ban ƙarasa ba. A wani mamak, wato gidan abinci, a Chow Kit na haɗu da Malam bayan sallar Juma'a, ya ga ina gyara wa wani wayarsa da tsinken sakace, ya tambaye ni ɗan wace unguwa ne. Na ce Fagge. Ya ce, "To 'yan Fagge ba ku da haƙuri, amma zo gobe mu gani." A lokacin yana da ɗan kedai, wato shago, a hawa na huɗu na wata kasuwar kayan lantarki a Bukit Bintang, faɗinsa bai kai shagon mai shayi ba.

Wata shida ban taɓa akwatin kowa ba. Jaka nake ɗauka, kuma ita ce har yau a kafaɗata. Akwai sukundireba ƙanana guda shida, da mita, da hantsaki na zare kati, da tocilan ta goshi. Akwai tsohuwar laftof da ba ta taɓa shiga intanet ba kuma ba za ta shiga ba, domin ranar da ta shiga za ta sabunta kanta ta daina gane tsofaffin akwatuna. Akwai gwangwanin biskit cike da katunan memori, kowanne a naɗe cikin takarda da sunan gida da ranar da aka kwafo shi. Sai faifan ajiya wanda Malam yake kira rumbu. Duk ƙunshin da ya taɓa wucewa ta hannunsa, komai tsufansa, sai ya ajiye kwafinsa a ciki. Na taɓa ce masa wannan ai tara shara ne, tunda komai yana intanet. Ya ce, "Intanet gonar wani ce."

Na ƙarshe shi ne littafinsa. Da ajami yake rubutu. Yaran Melayu 'yan ƙasar na shagon kusa da mu sukan leƙa, su karanta baƙaƙen tsaf domin sun yi kama da nasu, amma ba su gane ko kalma ɗaya. Ɗalibanmu kuma sun ji Hausar amma ba su iya baƙaƙen ba. Ni na yi makarantar allo, don haka nake karantawa, kuma ina jin rabin dalilin da ya sa ya riƙe ni ke nan.

Aikina na farko ni kaɗai a gidan Malam Nafi'u ne, wani Bakatsine mai karatun digiri na uku, yana haya a Setapak. Ya ji an ce akwatin zai iya kiran salla ta sifikokin gida, ya ce lallai sai an sa masa. Duk Bahaushen da ya kama gida mai akwati, abin da yake fara tambaya ke nan. Malam ba ya nan, na ce aikin minti goma ne. Na sauko da ƙunshin kiran salla, ya nemi a sabunta wasu abubuwa guda uku, na amince ban karanta ba. Aka kira azahar daidai lokaci, muka yi murna, matarsa ta zubo mini shinkafa da wake.

Washegari da ƙarfe takwas na safe ya kira ni. Ɗaya daga cikin abubuwa ukun nan, ashe ƙunshin ƙofa a kansa yake jingine. Ƙofar ƙarfe ta waje, wadda ake sawa a gaban ta katako, ta ƙi buɗewa, mai ba shi hayar kuma ya tafi Johor da makullin hannu. Muka isa ni da Malam muka tarar da shi tsaye a bayan ƙarafuna, ya sha kwat da nakatayal, gida yana ta kiran salla.

Ya ce, "Habibu, kai ne ka ce mini minti goma?"

Na ce, "Ni ne, Dakta."

"Kada ka ce mini Dakta! Daktan ne kake so ka hana ni zama. Ƙarfe goma zan kare kundina, ga ni a ɗaure kamar ragon layya, ladaninka kuma ya kira asuba sau tara."

Malam ya ce, "Amma dai ka samu jam'i ko, Malam Nafi'u?"

"Malam Ubale, don Allah bar wasa. Na yi ta yau, na yi ta gobe, na fara ta jibi."

Malam ya buɗe gwangwani ya zaro katin gidan, wanda ya kwafa watanni baya lokacin da muka zo gyaran fanka. Ya miƙa shi ta tsakanin ƙarafuna tare da hantsaki, ya ce a kira Maman Ilham, matar Malam Nafi'u. Ya gaya mata ta zare wutar akwatin, ta cire katin ciki, ta sa wannan. Minti huɗu ƙofa ta buɗe. Malam Nafi'u ya fita a guje ko sallama babu.

A cikin jirgi muna komawa Malam bai yi mini faɗa ba. Sai da muka wuce tasha biyu ya ce, "Kafin ka ƙara wa gidan abu, me ka ɗauko daga gidan?" Na ce ban ɗauko komai ba. Ya ce, "To." Daga ranar ban sake taɓa akwati ba sai na kwafi katinsa, kuma ban sake sabunta abu biyu a lokaci ɗaya ba. Kiran sallar ma mun sa masa daga baya, da wata tsohuwar siga daga rumbu. Kwana biyu ya ci.

Shekarar kulle ta korona ita ce muguwar shekararmu. Ana tsaka da zaman gida, wani kamfani a ƙasar waje ya rufe ma'ajiyar da tsofaffin akwatuna suke ɗebo ƙunshi. Ba wanda ya lura sai da aka yi ruwa da tsawa, wuta ta ɗauke a unguwanni. Da ta dawo, kowane akwati ya tashi ya nemi ma'ajiyar bai same ta ba, ya tsaya yana jira. Wayar Malam ba ta huta ba mako guda. Ga shingen 'yan sanda a hanya, ba mu da takardar fita. Sai ya baje rumbu a falonsa, yana haɗa wa kowane gida katinsa, yana sawa a ambulan yana ba masu babur ɗin kai abinci, kamar tapau, abincin da ake ƙunshewa a tafi da shi. Ni kuma daga ɗakina ina bin mutane ta kiran bidiyo ina nuna musu inda za su sa. Akwai wata tsohuwa 'yar Sin a Cheras da na yi awa guda ina roƙonta ta nuna mini akwatin, ita kuwa ta manna wayar a kunne, ba abin da nake gani sai ɗan kunnenta. A ƙarshe jikarta 'yar shekara tara ce ta sa katin.

Gidajen da muke da kwafinsu sun tashi. Waɗanda ba mu taɓa shiga ba, da yawa ba mu iya yi musu komai ba. Bayan an buɗe gari, mutane da dama suka ɓalle akwatunan suka jefar, suka sayi sababbin na'urori masu aiki da waya. Kedai bai sake buɗewa ba, falon Malam ya zama shago. Waɗanda suka rage mana su ne waɗanda ba za su iya sauyawa ba, kuma a cikinsu Pak Rahim yake.

Tsohon direban bas ne, yana hawa na goma sha huɗu a Wangsa Maju tare da 'yarsa Aida, wadda take aiki a wani otal a Bukit Bintang. Yatsu biyu na hannun hagu kaɗai ke motsi a jikinsa, maganarsa kuma sai wanda ya saba. Aida tana fita ƙarfe bakwai, mai jinya tana zuwa ƙarfe goma ta tafi ƙarfe biyu, Aida ta dawo ƙarfe shida. A tsakani, daga shi sai wani ɗan rimot mai maɓalli huɗu da aka ɗaure masa a tafin hannu. Ɗaya na ƙofa, ɗaya na fitila, ɗaya na fanka. Na huɗu ja ne: idan ya danna, wayar Aida da ta maƙwabciya da ƙararrawar ɗakin masu gadi duk za su yi ƙara. Yakan shaƙe da yawunsa wani lokaci, to jan maɓallin nan ne tsakaninsa da abin da ba a fata.

Za ku ce a sayo sabon rimot mana. An sayo har kala uku. Ɗaya gilashi ne da ake shafawa, yatsansa ba ya tsayawa a kai. Biyu kuma sun yi masa tauri. Tsohon nan mai laushin roba shi kaɗai yake iya dannawa, kamfaninsa ya mutu tuntuni, ƙunshin da ke jin maganarsa kuma tsohuwar uwa kaɗai ya sani. Shi kuma tsohon akwatin ya gaji. Idan zafi ya yi yawa yakan mutu ya tashi da kansa, minti uku ko huɗu gidan ba shi da kunne. Irin allon cikinsa ba a sayarwa. Malam ya taɓa samo biyu na hannu a Chow Kit, duk sun ƙone. Don haka ya sayi sabon akwati mai sabuwar uwa ya ajiye kusa da tsohon, duka biyun suna sauraron rimot, yana gyara tsohon ƙunshin layi-layi da hannunsa don ya zauna a sabon gida. Wata biyar yana wannan aiki duk Alhamis, ni kuma ina riƙe masa sauran gidaje.

Ranar sadakar uku Hajiya Binta ta miƙo mini gwangwani da rumbu da littafi a cikin leda, ta ce, "Ya ce in ta Allah ta kasance, naka ne." Na buɗe shafin ƙarshe a cikin jirgi. Ga abin da ya rubuta: "Gidan Pak Rahim. Ƙofa ta yi. Fitila ta yi. Fanka ta yi. Ja yana amsawa tara cikin goma. Kada a cire tsoho." Ku da kuke jami'a, tara cikin goma babban maki ne. A gidan nan ɗayan da ya ɓace shi ne aikin.

Na je a Alhamis ta gaba. Aida ta ɗauki hutun rabin yini ta jira ni. Pak Rahim yana kiran Malam da Cikgu, wato malami, kuma da ya gan ni ni kaɗai ya dubi ƙofa ya daɗe. Aida ta riga ta gaya masa. Na gaishe shi, ya motsa yatsunsa biyu.

Aida ta ja ni gefe ta ce, "Abang Habib, don Allah ka cire tsohon nan yau. Duk tashin da zai yi sai ya yi ƙara ya firgita Baba. Cikgu ya ce saura kaɗan. Boleh? Zai yiwu?"

Na ce bari in gwada tukuna. Na kwance rimot daga hannun dattijon, na rufe bakin tsohon akwati ta yadda zai ji amma ba zai kira kowa ba, na buɗe laftof ina kallon abin da ke shigowa sabon. Na danna ja sau ashirin, sau ashirin wayar Aida ta yi ƙara. Na koma ƙofar banɗaki na danna, na je kicin na danna, na kunna esi na danna. Hamsin cif, babu wanda ya ɓace. Na ce a raina wataƙila Malam ya ƙarasa gyaran a zuwansa na ƙarshe bai samu ya rubuta ba. Aida ta ce, "Ka gani? Ya yi, lah." Na mayar wa Pak Rahim rimot ɗinsa na ɗaure, na durƙusa a gaban kanta, na kama wayar wutar tsohon akwatin.

Sai na ji dattijon yana wani gurnani. Na waiwaya. Idonsa yana kaina, yatsansa yana kan jan maɓalli, yana dannawa. Wayar Aida tana hannunta, shiru. Ya sake dannawa, sai ta yi ƙara.

Aida ta sunkuya ta saurari abin da yake faɗa, ta ɗago ta ce, "Wai Cikgu ba ya dannawa da kansa. Shi yake ba wa."

Na saki wayar wutar. Na ja kujera kusa da gado na ce ya danna mini a hankali, duk lokacin da ya ga dama. Mun yi kusan awa biyu, domin yana gajiya sai ya huta. A cikin talatin, uku ba su isa ba. Da na duba abin da akwatunan biyu suka rubuta, sai na ga tsohon ya ji duka talatin. Yatsana yana da ƙarfi, idan na danna saƙon yana fita cikakke. Nasa wani lokaci yakan zame kafin maɓallin ya kai ƙasa, sai rabin saƙo ya fita. Tsohuwar uwa ba ta da tsanani, ko rabi ta ji takan karɓa. Sabuwar kuwa an yi ta da tsari, duk saƙon da bai cika ba hayaniya take ɗaukarsa ta zubar. Gwajina hamsin bai auna komai ba sai lafiyar hannuna.

Na gaya wa Aida ba zan cire ba. Ba ta ji daɗi ba, ta ce, "To har yaushe?" Na ce ban sani ba. Abin da na iya yi ranar shi ne na cire ɗan abin da ke ƙara idan tsohon ya tashi, na sa masa ƙaramar fanka a gefe, na ɗaga shi daga jikin bango don ya sha iska. Na roƙi maƙwabciyar ta riƙa leƙowa tsakanin biyu da shida, ta ce boleh.

Wanda yake son aikin nan a cikinku, ga abin da zan iya ba shi: jaka, da wata shida na kwafar kati, kuma sai ya koyi ajami, domin littattafan Malam guda tara ne ban da na ƙarshe, ba ni da lokacin juya su. Wanda bai iya zama awa biyu yana jiran yatsan wani ba, ya nemi wata sana'ar, babu laifi.

Yau Alhamis bakwai ke nan ina zuwa. Na san dalilin yanzu, kuma na tabbata Malam ya san shi, domin a gefen shafin ya ja layi ƙarƙashin sunan wani fayil. Na buɗe fayil ɗin, layi dubu biyu ne da wani abu, na ga wurare huɗu da ya taɓa. Na sassauta wuri na biyar da kaina, sai akwatin ya fara karɓar rimot ɗin motar maƙwabta a matsayin kiran gaggawa, masu gadi suka hau sama sau biyu a yini ɗaya, na mayar da shi yadda yake. Tsohon akwatin yana mutuwa kamar sau biyu a mako yanzu. A 'yan mintunan nan sabon ne kaɗai ke sauraro, shi kuma yana zubar da ɗaya cikin goma. Akwatunan biyu suna nan a kan kanta, kowanne da wutarsa. Ban gano layin da ya rage ba tukuna.